Auna Tartsatsin Oksijin a Maitokondiriya: Hanyoyi, Tarkuna da Darasi ga Masu Bincike a Kudancin Jigawa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan yadda masana kimiyyar halittu suke auna sinadarai masu saurin kai hari da ke samuwa daga iskar oksijin a cikin maitokondiriya, waɗanda a nan aka kira tartsatsin oksijin. An bi manyan hanyoyin awo ɗaya bayan ɗaya, an nuna abin da kowace take iya gani da inda take yaudarar mai bincike. An ɗora bayanin a kan al'amura biyu da suka shafi al'ummar Sara da kewayenta a ƙananan hukumomin Gwaram da Birnin Kudu, wato cutar amosanin jini da binciken tsirrai irin su zoɓo da zogale. Maƙalar ta nuna cewa kowane ma'auni yana amsa ƙaramar tambaya ce guda ɗaya, kuma akasarin kurakurai suna faruwa ne idan aka ɗora masa amsar da ta fi ƙarfinsa.

Fitilun Kalmomi: maitokondiriya, tartsatsin oksijin, makarin tartsatsi, amosanin jini, zoɓo

1.0 Gabatarwa

A kasuwar Sara, kamar sauran manyan kasuwannin mako na ƙasar Hausa, ba a rasa mai tallar magani da lasifika yana cewa garinsa ko tsiminsa yana wanke jini, yana fitar da dattin jiki. A 'yan shekarun nan irin wannan talla ta sami sabuwar riga, domin ana jingina ta da "binciken masana". Binciken kuwa akwai shi. Ɗalibai a sassan nazarin sinadaran jiki na jami'o'in Arewa sun rubuta kundaye masu yawa a kan zogale da zoɓo da riɗi da kuka, kuma sau da yawa sakamakon yakan ƙare da cewa tsiron yana kare ƙwayoyin halitta daga illar oksijin.

Maganar tana da nauyi saboda waɗanda take isa kunnensu. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar yara kimanin 150,000 da amosanin jini, wato sikila, a Nijeriya kowace shekara. Iyayen irin waɗannan yara a Sara da Gwaram sukan yi zirga-zirga zuwa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, wani lokaci har Dutse ko Kano. Uban da ya ji an ce bincike ya tabbatar da wani ganye yana iya rage kuɗin maganin asibiti ya koma ga ganyen. Saboda haka ya dace manazarcin Hausa, wanda shi ne yake fassara irin waɗannan bayanai da ƙirƙira musu kalmomi, ya san abin da aka auna da yadda aka auna shi.

2.0 Maitokondiriya da Tartsatsinta

Maitokondiriya ƙananan sassa ne da ke cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum, kuma su ne murhun da ake ƙona abinci a samar da kuzari. A jikin tantaninsu na ciki akwai jerin rukunan furotin guda huɗu da ke miƙa wa juna ilektiron, kamar yadda magina ke miƙa tubali hannu da hannu. Rukuni na huɗu shi ne ke haɗa ilektiron huɗu da oksijin a sami ruwa. Shi ne kuma rukunin da dafin sayanaid, wanda ke cikin rogo mai ɗaci da ba a jiƙa sosai ba, yake toshewa. Ƙarfin da ke fita daga wannan miƙe-miƙe ana tara shi a matsayin cajin lantarki a tantanin, sannan a yi amfani da shi wajen ƙera sinadarin ATP. Peter Mitchell na Ingila ne ya bayyana wannan tsari a 1961, ya kuma sami kyautar Nobel a kansa a 1978.

Wani lokaci ilektiron guda yakan kuɓuce kafin ya kai ƙarshen layi, musamman a rukuni na ɗaya da na uku, ya faɗa kan oksijin. Abin da ke samuwa shi ne sufa'oksaid. A 1969 Joe McCord da Irwin Fridovich a Amurka suka gano inzayim ɗin da ke juya sufa'oksaid zuwa haidirojin feroksaid, wato SOD. Muhimmancinsa ya bayyana a 1995, lokacin da aka ga ɓerayen da aka cire wa nau'insa na cikin maitokondiriya suna mutuwa cikin kwanaki kaɗan bayan haihuwa. Shi kuma haidirojin feroksaid idan ya haɗu da ƙarfen ayon sai ya haifar da haidiroksil, wanda ke afka wa duk abin da ya tarar, kitse ko furotin ko ƙwayoyin gado.

Kalmar tartsatsi ta dace da wannan hoto na murhu, amma tana da haɗari irin na takwararta ta Ingilishi: suna ɗaya ne ya lulluɓe abubuwa mabambanta. Haidiroksil ba ya wuce kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Sufa'oksaid yana da caji, ba ya ratsa tantani cikin sauƙi. Haidirojin feroksaid ya fi su daɗewa, yana ratsa tantani, kuma jiki yana amfani da shi wajen aika saƙo tsakanin sassan ƙwayar halitta. Wanda ya ce "tartsatsi ya ƙaru" bai faɗi wanne ba, kamar mai kiwo ne ya ce dabba ta shiga gona, bai ce akuya ce ko raƙumi ba.

3.0 Dalilan da Suka Sa Awon Yake da Wuya

Dalili na farko shi ne ƙanƙanta. Yawan haidirojin feroksaid a cikin lafiyayyar ƙwayar halitta bai wuce nanomola 1 zuwa 10 a lita ba, sufa'oksaid kuwa ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Na biyu, abin da ma'auni ke gani ragowa ce tsakanin samarwa da kwashewa. Idan ruwa ya ƙaru a randa, ko dai an ƙara zubawa ko an rage ɗiba, kuma kallon randar kaɗai ba zai bambance ba. Na uku, ma'aunin kansa sinadari ne da ke shiga cikin abin da ake aunawa, ya yi gasa da inzayim na jiki, wani lokaci ma ya haifar da tartsatsin da aka aike shi ya ƙirga.

Na huɗu shi ne muhalli. Iskar ɗakin gwaji tana ɗauke da oksijin kashi 21 cikin 100, alhali yawancin sassan jiki suna rayuwa ne a ƙasa da rabin haka. Tarihin wani adadi ya isa misali. A farkon shekarun 1970 Alberto Boveris da Britton Chance suka auna haidirojin feroksaid da maitokondiriyar da aka ware daga jiki ke fitarwa, aka sami kusan kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na oksijin da take sha. Wannan adadi ya shiga littattafai kamar dai haka abin yake a jikin mutum. A 2002 rukunin Martin Brand a Kambirij ya sake awon a yanayin da ya fi kusa da na jiki, ya sami kimanin kashi 0.15 cikin 100. Har yau ana cin karo da tsohon adadin a gabatarwar kundaye.

4.0 Manyan Hanyoyin Awo

4.1 Amplex Red

Wannan ita ce hanyar da aka fi amincewa da ita idan an ware maitokondiriya a kwalba. Ana zuba sinadarin Amplex Red, marar launi, tare da inzayim feroksidas. Duk haidirojin feroksaid da ya fito sai ya juya sinadarin zuwa resorufin mai ƙyallin ja, na'ura kuma ta ƙirga ƙyallin. Alherinta shi ne ana iya zuba sanannen adadin haidirojin feroksaid a daidaita ma'aunin da shi.

Tarkunanta uku ne. Tana ganin abin da ya tsallako waje ne kawai, bayan maitokondiriya ta cinye wani kaso a ciki. Haske yana juya sinadarin ko da babu tartsatsi, kuma a 2016 aka nuna cewa wani inzayim da ke da yawa a hanta ma yana yin haka. Sannan sakamakon ya dogara ga abincin da aka ba maitokondiriyar. Rotenon, dafin da ake samu a tsirrai dangin magimfa wadda masunta ke bugar da kifi da ita, yana toshe rukuni na ɗaya. Idan abincin gulutamet da malet ne, rotenon yana ƙara tartsatsi. Idan sassinet ne, ilektiron suna komawa da baya zuwa rukuni na ɗaya, tartsatsi ya yi yawa ƙwarai, rotenon kuma ya rage shi. Dafi ɗaya ya ba da amsa biyu masu karo da juna, kuma rahoton da bai ambaci abincin ba ba shi da fassara.

4.2 DCF

Wannan rini ne mai ƙyallin kore da ya yaɗu saboda araha da sauƙi. An daɗe ana kiransa ma'aunin haidirojin feroksaid, amma ba ya haɗuwa da shi kai tsaye, sai an sami ayon ko wani furotin mai ɗauke da shi a tsakani. Don haka ƙyallin yana iya ƙaruwa saboda ayon ya ƙaru ko saitokurom c ya zubo daga maitokondiriyar ƙwayar da ke mutuwa. Rinin yana kuma haifar da sufa'oksaid a kan hanyar juyawarsa, ga shi yana bazuwa ko'ina a ƙwayar halitta. Ba ya iya faɗin wane tartsatsi ba ne, balle daga ina ya fito.

4.3 MitoSOX

An ƙera wannan rini domin ya shiga maitokondiriya. An liƙa masa wani sinadari mai caji wanda cajin tantani ke janyowa ciki har ya taru ninki ɗaruruwa. Nan matsala ta farko take: idan magani ya rage cajin tantanin, rini kaɗan ne zai shiga, ƙyalli ya ragu, mai bincike ya ɗauka tartsatsi ne ya ragu, alhali maitokondiriyar ce ta raunana. Matsala ta biyu ita ce rinin yana haifar da jajayen sinadarai biyu. Ɗaya kaɗai ne shaidar sufa'oksaid, ɗayan yana samuwa ta hanyoyi da dama, kuma madubin ƙyalli na yau da kullum ba ya raba su da kyau. Aikin Balaraman Kalyanaraman da Jacek Zielonka a Amurka ya nuna cewa sai an tace su da na'urar HPLC. Ta uku, idan aka zuba rinin da yawa yana gurgunta numfashin maitokondiriyar da ake nazari.

4.4 Furotin Masu Ƙyalli da Ma'aunan Bayan Fage

A 2006 Vsevolod Belousov da abokan aikinsa a Rasha suka ƙera HyPer, furotin da ake sa ƙwayar halitta ta ƙera da kanta a inda ake so, wanda launin ƙyallinsa ke sauyawa idan ya gamu da haidirojin feroksaid. Ci gaba ne babba, sai dai nau'o'in farko suna amsa sauyin tsami kamar yadda suke amsa tartsatsi, har sai da aka fito da HyPer7 a 2020. Tsami ya taɓa jawo gagarumar muhawara. A 2008 aka ba da rahoton "walƙiyar sufa'oksaid" a maitokondiriya ta amfani da furotin cpYFP, aka gina ayyuka da dama a kai. A 2014 wata tawagar masana ta nuna a mujallar Nature cewa furotin ɗin ba ya amsa sufa'oksaid, sauyin tsami yake gani.

Akwai kuma hanyoyin bin sawu. Inzayim akonitas na cikin maitokondiriya yana daina aiki idan sufa'oksaid ya taɓa shi, don haka raguwar aikinsa alama ce. MitoB, wanda rukunin Michael Murphy ya gabatar a 2011, ana iya ba dabba mai rai, daga baya a auna kason da ya juya ta na'urar tantance nauyin sinadarai. Shi ma yana amsa feroksinaitirait, ba haidirojin feroksaid kaɗai ba.

5.0 Gwaje-gwajen da Aka Fi Yi a Gida

Yawancin waɗannan hanyoyi suna buƙatar na'urori masu tsada da wutar lantarki mai ɗorewa. Abin da ɗalibi ya fi samu shi ne na'urar auna launi, don haka gwaji biyu suka mamaye kundaye: DPPH da TBARS.

DPPH sinadari ne mai launin shunayya da ake ƙerawa a masana'anta, babu shi a jikin kowace halitta. Ana zuba ruwan tsiro a kansa cikin barasar gwaji, a duba yadda launin ya dushe a zangon haske na nanomita 517. Gwajin yana nuna cewa tsiron na iya miƙa ilektiron a kwalba. Bai nuna ko hanji zai tsotse sinadarin ba, ko hanta za ta bar shi yadda yake, ko zai kai maitokondiriya. Ko da ya kai, da wuya ya yi gasa da SOD, wanda yake cikin inzayim mafi sauri da aka sani.

TBARS kuwa yana neman malondayaldihaid, ɗaya daga cikin ragowar kitsen da tartsatsi ya lalata. Ana dafa samfur da asid a zafin digiri 95 na kusan awa guda, a auna ruwan hodar da ya fito a nanomita 532. Wani kaso na launin yana samuwa ne a lokacin dafuwar, kuma sukari da sinadarin shawara, wato bilirubin, suna shiga lissafin. Ma'aunin da ya fi shi inganci shi ne aisofurostan F2, wanda Jason Morrow da Jackson Roberts suka bayyana a 1990.

Zoɓo, wanda Jigawa take cikin manyan masu nomansa, ya tara waɗannan tarkuna wuri guda. Jan launinsa yana shan haske a kusa da nanomita 520, wato tsakanin zangon DPPH da na TBARS. Wanda bai auna ruwan zoɓon shi kaɗai ya cire daga lissafi ba, launin zoɓo ya auna. Sinadaran fenol da ke cikinsa suna kuma gasa da Amplex Red a gaban feroksidas, sai ƙyalli ya ragu ba tare da tartsatsi ya ragu ba. Barry Halliwell da abokan aikinsa sun nuna tun 2000 cewa irin waɗannan sinadarai, misali na ganyen shayi, suna haifar da haidirojin feroksaid idan aka zuba su a ruwan renon ƙwayoyin halitta.

Sai batun tafiya. A ɗauka an ɗebi jini a Sara cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, za a kai shi ɗakin gwaji a Dutse ko Kano. Idan ƙanƙarar ta narke a hanya, jajayen ƙwayoyin jini suna fashewa, ayon ya fito, kitse ya ci gaba da lalacewa a cikin kwalba. Idan kuma jinin masu lafiya da za a kwatanta da shi a harabar jami'a aka ɗeba, aka auna nan take, bambancin da za a gani na iya zama na tsawon hanya ne.

6.0 Misalin Amosanin Jini

Jar ƙwayar jini da ta balaga ba ta da maitokondiriya, tana zubar da ita kafin ta gama nuna. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa auna malondayaldihaid a jini ba ya ba da labarin maitokondiriya. A amosanin jini tartsatsi yana da maɓuɓɓuga da yawa: himogulobin S da ke saurin lalacewa, ayon da ke fita idan ƙwayoyi sun fashe, da inzayim NADPH oksidas. A 2017 masu bincike a Jami'ar Illinois da ke Chicago suka ba da rahoton cewa wasu balagaggun ƙwayoyin masu sikila suna riƙe maitokondiriyarsu, kuma hakan yana tafiya da yawan tartsatsi. Amma mai son bin wannan sawu sai ya fara ware ƙwayoyin da ba su gama nuna ba, domin su dama suna da maitokondiriya, kuma suna da yawa a jinin masu sikila. Ga kuma bilirubin da himogulobin da ke yawo a jininsu, waɗanda duka suke rikita TBARS da DCF.

Ko da an tabbatar tartsatsi ya yi yawa, hakan bai tabbatar da cewa makarinsa magani ne ba. A gwajin da aka yi a Finlan aka wallafa a 1994, masu shan taba da aka ba betakarotin sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin 100. A 2011 wani babban gwaji a Amurka ya nuna bitamin E ya ƙara sankarar mafitsara ta maza da kashi 17 cikin 100. Abin da ke tabbatar da magani shi ne gwaji a kan marasa lafiya, irin wanda aka gudanar a Kano tare da Jami'ar Vanderbilt a kan haidiroksiyuriya domin kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, aka wallafa a 2022.

7.0 Sharuɗɗan Ingantaccen Awo

A 2022 gungun manyan masanan fannin, ƙarƙashin jagorancin Murphy da Halliwell, suka wallafa ƙa'idojin awo a mujallar Nature Metabolism. Abin da ya fi amfanar mai bincike a wannan yanki ana iya taƙaita shi kamar haka. Ya ambaci sunan tartsatsin da yake nema da wurin da yake zaton yana fitowa. Ya gwada da hanyoyi biyu da ba su da rauni iri ɗaya. Ya zuba katalas ko SOD ya ga ko alamar za ta ɓace, domin idan ba ta ɓace ba wani abu daban yake gani. Ya auna ruwan tsiro shi kaɗai, ya kare rini daga haske, ya kuma bi da samfurin marasa lafiya da na masu lafiya ta hanya ɗaya, lokaci ɗaya, sanyi ɗaya, tare da rubuta awannin da suka wuce kafin awo. Idan maitokondiriyar mutum ake so, ƙwayoyin daskarar da jini da fararen ƙwayoyin jini suna da ita, kuma aikin akonitas ana iya bin sa da na'urar auna haske.

Akwai sharaɗi ɗaya da ya rataya a wuyan masana harshe. Fassara makarin tartsatsi da "mai wanke jini" ko "mai fitar da guba" tana ƙara wa binciken da'awar da bai yi ba. Jimlar da ta dace da gwajin DPPH ita ce, "ruwan ganyen ya dusar da launin wani sinadari a kwalba". Ba ta da daɗin talla, amma iyakar abin da aka gani ke nan.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tartsatsin oksijin sinadarai ne mabambanta, ƙanana, masu gajeren rai, kuma babu ma'auni guda da ke kama su duka. Amplex Red yana ganin abin da ya fito waje, MitoSOX yana bin cajin tantani, DCF yana amsa ayon, HyPer na farko yana amsa tsami, DPPH da TBARS kuwa ba su leƙa maitokondiriya ba sam. Ƙarancin kayan aiki bai hana ingantaccen bincike a Dutse ko Birnin Kudu ba, matuƙar an daidaita da'awa da ma'auni. Aikin da ya rage ga sassan Hausa da na kimiyya shi ne su zauna tare su tsara kalmomin wannan fanni, ta yadda sakamakon da zai isa gidan rediyo da kasuwar Sara zai isa da ma'anar da ya baro ɗakin gwaji da ita.